Firam ɗin da Babu Hoto a Cikin Lefena

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau labarin na dariya ne, ko da yake sai da na jiƙa gefen mayafina da hawaye kafin dariyar ta iso. Ga wanda yau ne ya fara haɗuwa da ni: sunana Mubaraka, 'yar Malam Wadud tela ta zangon Salaga. Ina aiki a ɗakin magani na wani ƙaramin asibiti a Yendi. Ni ce wadda kuke gani a bayan taga da farar riga, ina karanta rubutun likita mai kama da inda kaza ta yi tono, ina cewa, "Ɗaya da safe, ɗaya da yamma, kuma a ci abinci tukuna." Teknishan ake kiranmu. Shekara uku cur na yi a makaranta kafin a bar ni in tsaya a wannan taga.

Amma je ki gaya wa mutanen unguwarmu. A wurinsu ni da matar da ke yawo da tiren magani a ka a tashar lori duk kanwar ja ce. "Mubaraka mai sayar da ƙwaya," haka suke cewa. Abin yana yi min ciwo, ba zan ɓoye muku ba.

Sai ga shi hukumar da ke kula da harkar magani ta ce mu ma a shigar da mu ƙarƙashin doka. Kowane teknishan ya yi rajista, ya zauna jarrabawa, a ba shi lasisi da lamba tasa shi kaɗai. In ya yi daidai, sunansa. In ya yi ɓarna ma, sunansa. Ranar da saƙon cin jarrabawa ya shigo wayata ina shan koko da ƙosai a ƙofar asibiti. Na rangaɗa guɗar da ta sa mai koko ta saki ludayi. Da na je karɓar takardar, matar da ta miƙo min ita ta riƙe gefenta ba ta saki ba, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Wannan ba kayan ado ba ne. Duk inda aka rataya ta, an shaida wa duniya kina wurin."

Yanzu bari in kawo muku Nazif.

Dogo ne, baƙi, mai wushirya, ɗan Bawku, yana fataucin albasa da raguna zuwa kudu. A tagar nan tawa muka haɗu, ya zo da hannu a naɗe da tsumma, igiyar rago ta yanke shi. Ya karɓi maganinsa ya tafi, bayan kwana uku ya dawo wai ya manta ko da safe aka ce ko da yamma. Mutumin da ke riƙe lissafin buhun albasa ɗari a ka! Maraya ne, ƙanin mahaifinsa Alhaji Mikaila ya rene shi, mai shagon magani a gefen kasuwar Bawku. Shekara biyu Nazif na roƙon Alhaji ya aika gidanmu, shekara biyu Alhaji na jan ƙafa. Yau a ce Salaga nisa, gobe a ce 'yar boko ba ta zaman gida.

Na karɓi lasisi ranar Talata. Kafin sati uku su cika, ga dattawa daga Bawku da ƙwaryar goro a zaurenmu. Ni kuwa sakarya na ce addu'ar mahaifiyata Mma ce ta karɓu.

Ranar kawo lefe tsakar gidanmu ya cika har bakin rijiya. Hajiya Latifatu, matar Alhaji, ita ta jagoranci masu kawowa, cikin leshi ruwan zuma da ɗaurin kai mai hawa biyu, awarwaro na ƙara duk inda ta juya. Ni ina ɗakin Mma a ɓoye kamar yadda aka saba, amma ido ɗaya na a ramin labule. Gwaggo Zuwera, ƙanwar babana, ita ke buɗe akwatuna tana ɗagawa mata na guɗa. Atamfa, shadda, leshi, mayafai masu duwatsu, takalma da jakunkunansu, turare har da wanda ban iya kiran sunansa ba. Mma tana gefe tana share hawaye da bakin zane.

A ƙasan akwati na huɗu Gwaggo ta ciro wani abu a naɗe da tawul sabo. Ta warware. Firam ne, babba, mai ruwan zinariya a gefe, da gilashi. Ciki babu komai.

"To fa," in ji Gwaggo, tana juya shi gaba da baya. "Hajiya, angon ne ya gudu daga cikin hoton, ko ba a ɗauka ba tukuna?"

Mata suka kwashe da dariya. Hajiya Latifatu ta gyara ɗaurin kai.

"Ba na hoto ba ne, Gwaggon amarya. Na takardarta ne. Alhaji da kansa ya sa aka auna. A shago za a rataya, inda duk mai shigowa zai gani. Masu duba shagunan nan sun matsa mana paa, amma da sun ga takardar gwamnati a bango, shi ke nan, sai su yi gaba. Ita kuwa amarya ta huta a gida, ba rana ba wahala. Gata ya wuce haka?"

"Masha Allah!" in ji mata. Aka sake guɗa.

Ni kuwa na saki labulen. Na zauna a bakin gado. Ashe ba ni aka kawo wa goro ba. Laya suke nema ta korar masu duba shago, ni ce kawai igiyar da za a rataya ta da ita.

Bayan magariba, da baƙi suka watse, na sami Mma tana ninke atamfofi.

"Mma, ba zan ba da takardata ba."

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Cinye ta za su yi?"

"Duk maganin da aka sayar a ƙarƙashinta, ni na sayar. In an ba wani abin da ya illata shi, lambata za a kira. Za a ƙwace lasisin, Mma. Ba zan ƙara tsayawa a tagar kowane asibiti ba."

"Ke dai kin cika baƙin baki. Mutum shekara nawa yana sana'arsa, wa ya mutu?" Ta ajiye atamfar ta dube ni. "Duk Salaga ta ga akwatunan nan sun shigo. So kike ta ga sun fita? Ki tausaya wa babanki. Da wane ido zai shiga masallaci?"

Na koma ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Nazif.

*Ka san da maganar firam ɗin nan?*

Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

*Na sani. Amma ba yadda kike zato ba ne, Baraka.*

*To yaya ne?*

*Baba ya tsufa. Sau biyu ana zuwa masa shago. Takarda ce kawai.*

*In wani ya cutu a ƙarƙashinta, wa za a kira?*

*Allah ya kiyaye.*

*Amin. Wa za a kira?*

Ya karanta. Alamar nan shuɗiya biyu ta fito ta zauna tana kallona. Amsa kuwa babu, ranar da washegarinta.

Gwaggo Zuwera ce ta same ni a bayan gida ina wanke tukwanen biki ina kuka a ciki. Ku san Gwaggo: shekara talatin tana fataucin goro, babu tashar lorin da ba ta yi faɗa a cikinta ba, kuma tun mutuwar mijinta ba ta neman izinin kowa.

"Kukan ya isa, za ki ƙara wa tukunyar gishiri," ta ce. "Ba a sayen akuya a cikin buhu. Mu je mu ga bangon nan da idonmu."

"Gwaggo! Amarya ta je garin miji kafin a kai ta? Mma za ta suma."

"Wa zai gaya mata? Kuma wa ya san fuskarki a can? Alhaji goro ya aiko, bai aiko da ido ba."

Gaskiyarta ce. Nazif ya taɓa gaya min ya miƙa wa Alhaji waya ya ga hotona, Alhaji ya kau da kai, ya ce surukin kirki ba ya ƙare wa matar ɗansa kallo. Kunyar nan tasa ita ta buɗe mana hanya.

Gwaggo ta ce wa Mma za ta raka ni Yendi ta ga ɗakina. Ranar Asabar bayan sallar asuba muka hau lori daga Yendi ta hanyar Gushegu. Hanyar nan sai da ta tuna min da kowane ƙashi da ke jikina. Gwaggo kuwa ta ci dafaffen ƙwai, ta ci gyaɗa, ta sasanta wani miji da mata a kujerar baya, ta kuma koya wa direba tuƙi. Bayan azahar muka sauka Bawku, ni cikin doguwar hijabi ruwan toka, ba kwalli ba hoda, kamar wadda ta zo awo.

Shagon ba wuyar samu. Kowa ka tambaya sai ya nuna da baki. Muka zauna a bencin masu jira. Alhaji Mikaila na bayan kanta, farin gemu, jar dara, carbi a wuya, fuska mai fara'a irin wadda ba ka iya jin haushinta. Wannan ya fi komai ba ni tsoro. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi.

Na bi shagon da ido. Ruwan maganin yara a jere a gilashin da rana ke duka. Ƙwayoyi a zube cikin kwalaben alewa, ba suna, ba ranar lalacewa. Mutane na shigowa suna kiran magani da kala. "Alhaji, farin nan guda huɗu." "Alhaji, mai kore da baƙi." Shi kuma ya ɗebo da cokali ya ƙulle a takarda, ya haɗa da addu'a.

Sai wata mata ta shigo, ciki ya fito sosai, ta ce daga Pusiga take, cikinta ke murɗawa tun jiya. "Ja-da-rawaya," ta ce. Alhaji ya jawo kwalbar kafso. Ta kusa ƙarewa, sai ya sunkuya ya ɗauko kwalin da yake cikawa daga ciki. Rubutun Faransanci ne a jiki, amma sunan maganin ba ya ɓuya. Na karanta shi daga inda nake zaune, na gane shi.

Gwaggo ta danne min gwiwa. Na cire hannunta. Na tashi na rusuna a gaban kanta.

"Baba, ka yi haƙuri. Wannan ba a ba mai ciki."

Ya dube ni da murmushi. "'Yata, zauna a zo kanki. Layi ake bi."

"Ba saye na zo ba, Baba. Kar ka ba ta."

Murmushin ya ɗauke. Masu jira suka miƙe wuya.

"Ikon Allah. Likita ce ke?"

"A'a."

"To shekara talatin da huɗu ina wannan aiki, tun ba a haife ki ba." Ya juya ya nuna bango da carbi. Wata sabuwar ƙusa ce a kafe, ita kaɗai, an share wurin an shafa fenti. "Kin ga wannan? Wata mai zuwa takardar surukata za ta hau nan. Yarinya mai ilmi, 'yar Salaga, gwamnati da kanta ta ba ta lamba. Ita ta san magani, ba irinku masu karatu a waya ba. Ranar da takardarta ta hau, in ga mai shigowa ya koya min sana'ata!"

Jama'a, ban san lokacin da Gwaggo ta fashe da dariya ba. Ta riƙe ciki, ta daki benci, har goron bakinta ya faɗo.

"Alhaji," ta ce tana share ido, "ai ga takardar nan ta zo da ƙafarta."

Kowa ya juyo yana kallona. Ni kuwa na ji kunya kamar ƙasa ta tsage, amma na riga na tsoma ƙafa a ruwa. Na durƙusa sosai.

"Ni ce Mubaraka, Baba. 'Yar Malam Wadud."

Cokalin ya faɗi daga hannunsa. Ya ja hularsa gaba, ya mayar baya, ya kau da kai gefe yana salati. A daidai nan labulen bayan shago ya ɗaga, sai ga Nazif da kwali a kafaɗa. Ashe yana ciki yana jera kaya. Ya gan ni, ya ga Gwaggo, ya ga Alhaji. Wallahi da akwai taga a kusa da ta nan zai fita.

Ban kula shi ba. Na juya wurin matar Pusiga, na tambaye ta watan cikin, na tambaye ta ko tana ganin jini, ta ce a'a. Na ce ta wuce asibiti yanzu, ɓangaren masu awo, kar ta sha komai sai an duba ta. Ta dubi Alhaji. Alhaji ya ɗaga mata hannu a hankali, alamar ta je.

Da ta fita ya yi magana, fuskarsa na kallon bango, don har yanzu ya kasa dubana.

"Da gaske yana taɓa ɗan ciki?"

"Yana iya taɓa ƙashinsa da haƙoransa, Baba."

Carbin ya tsaya a hannunsa. "Lokacin da na buɗe shagon nan," ya ce, "mutum zai yi tafiyar yini bai ga mai farar riga ba. Ni ake nema. Ban taɓa korar kowa don ba shi da ko sisi ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mata nawa na ba wannan abu?"

"Ka riƙe mutane da abin da ka sani, Baba, Allah ya ga niyyarka. Amma takardata ba ta zuwa inda ƙafata ba ta je ba. In kana son ta hau bangon nan, sai mu bi ta hukuma, su zo su duba su yarda, ni kuma in tsaya a nan safe da yamma. Abin da ba a yarda shago irin wannan ya sayar ba ya fita. In kuwa takardar kaɗai ake so ban da ni..." Na ɗago kai. "Akwatuna huɗu ne. Ko zare ba mu cire ba."

Na faɗa dai. Na tuna fuskar Mma, na tuna babana a sahun masallaci.

Nazif ya sauke kwalin. Ya zo ya durƙusa a gaban Alhaji, gefena, ba kusa sosai ba.

"Baba, laifina ne. Na ƙi gaya maka ba za ta yarda ba, don kar ka fasa. Na ƙi amsa mata, don kar ta fasa. Na zama jemage, ba tsuntsu ba dabba." Ya sunkuyar da kai. "Ita nake so. Tun tana mai sayar da ƙwaya a bakin mutane nake sonta. In takarda ce sharaɗin auren, ka cire sharaɗin, Baba. Ko ta bar lasisin a Yendi, ko ta zo da shi, ni dai a ba ni Baraka."

"Sai yau bakinka ya buɗe, ɗan albasa?" in ji Gwaggo. "Kwana shida yarinya na kallon waya kamar mai jiran ganin wata!"

Masu jira suka yi dariya, har wani tsoho mai sanda ya ce wa Gwaggo, "Gaya masa, Hajiya!"

Alhaji bai yi dariya ba. Ya miƙe daga kujerarsa, wata tsohuwar kujerar katako da matashinta ya lotsa da zaman shekaru. Ya zo ƙarshen kanta inda ake ɗaga katako a shiga. Daga baya Nazif ya rantse min ko Hajiya Latifatu ba ta taɓa wuce wannan katako ba. Alhaji ya ɗaga shi, ya riƙe, ya matsa gefe.

"Shigo ta ciki, 'yata," ya ce. A karo na farko ya dube ni ido da ido. "Aure yana nan, ko da takarda ko babu. Wannan magana ta mutu. Amma ki nuna min abin da zai fita, kafin in ƙara ɗaukar alhakin wani."

Gwaggo ta saki guɗa a tsakiyar kasuwar Bawku, masu albasa suka bar buhunansu suka taho kallo.

Na naɗe hannun hijabina na shiga. Na ce a kawo babban baho. Nazif ya ruga ya kawo, yana haki, yana satar kallona, ni kuwa na ɗaure fuska, don bai gama biyan kwana shidan nan ba. Kwalba ta farko Alhaji da hannunsa ya juye ta. Ja-da-rawaya suka zubo suna ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Na ce kar a zubar a bola yara su tsinta, a ɗaure a kai inda ake lalata irinsu. Ya ce to. Alhaji Mikaila, wanda ya shekara biyu yana cewa 'yar boko, ya ce min to!

Mutane suka cika ƙofa har suka tare haske. Wani ya miƙo hannu ta saman kawuna yana cewa a ba shi farin nan guda biyu. Alhaji ya daka masa tsawa.

"Ku ja baya! Ba ku ga surukata na aiki ba?"

Ina cikin jin daɗin wannan kalma wayata ta yi ƙara a jaka. Mma ce. Na bari ta katse. Sai saƙon murya ya biyo baya, na kanga a kunne.

"Mubaraka, Sadiqa mai kai doya Bawku ta kira ni yanzun nan. Ta ce ta ga wata mai kama da ke a cikin shagon surukinki, hannu a naɗe, Zuwera na guɗa a ƙofa. Na ce mata ƙarya take, 'yata tana Yendi. Ki kira ni ki ce min ƙarya take."

Na dubi Gwaggo. Ta miƙo hannu, ta ɓare sabon goro da ɗayan, ta gyara zama a benci.

"Ba ni ita nan," ta ce. "Ke koma kan kwalabenki. Uwarki tawa ce."